Kano Pillars: ƙungiyar da jama'a suka ɗaga, amma ba su mallaka ba

Daga shekarar 2003 zuwa watan Agustan 2015, babu wata ƙungiya a gasar Firimiya ta Najeriya da ta je gidan Kano Pillars ta ɗebo maki uku. Shekara 12 ke nan, wasa 202 a jere, kafin Nasarawa United ta zo filin Sani Abacha ta ci 2-1 ta karya wannan tarihi. A cikin waɗannan shekaru Pillars ta ɗauki kofin gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Shekara bakwai bayan wasan Nasarawa, wato a 2022, ita dai wannan ƙungiya ta faɗa rukuni na biyu. Mutane da yawa suna kallon waɗannan a matsayin labari biyu, na ɗaukaka da na faɗuwa. Ni a ganina labari ɗaya ne, domin abin da ya ɗaga Pillars sama shi ne kuma ya riƙa jawo ta ƙasa: taron jama'ar da ke bayanta, da kuma irin mallakar da aka gina ta a kai.

Ƙwallo a Kano ta girmi Pillars nesa ba kusa ba. Tun a 1953 ƙungiyar Kano ta ci kofin ƙalubale na ƙasa, a zamanin da ƙungiyoyin Legas suka mayar da kofin kamar nasu. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar gasar ƙasa, kuma a wannan shekarar ce ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele da kansa ya buga. Dattawan da suka ga wannan zamani har yau idan aka taɓo zancen Raccah sai fuskarsu ta sauya. Saboda haka da Najeriya ta buɗe gasar ƙwararru a 1990, ba 'yan kallo Kano ta rasa ba, ba kuma 'yan wasa ba. Abin da ta rasa shi ne ƙungiya guda mai ƙarfin da za ta ɗauki sunan jihar. Sai aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana kan gaba a wannan aiki.

A nan ya kamata a tsaya a lura da wani abu, domin shi ne tushen kusan duk abin da ya biyo baya. Pillars ba daga unguwa ta taso ba, ba kuma wani attajiri ne ya kafa ta da kuɗinsa ba. Shawarar hukuma ce ta haife ta, kuma gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita har yau. Gwamna ne ke naɗa shugabanninta, daga baitulmalin jiha albashin 'yan wasa ke fitowa, kuma idan gwamnati ta sauya, akasari shugabancin ƙungiyar ma yakan sauya. Ba Pillars kaɗai ce a wannan hali ba. Enyimba ta gwamnatin Abiya ce, Rangers ta Inugu, Plateau United ta Filato, El-Kanemi Warriors ta Borno. Bambancin Pillars da yawancinsu shi ne jama'ar gari sun rungume ta da zuciya ɗaya, har ta zama tasu a zuci duk da cewa a takarda ba tasu ba ce.

Wanda bai taɓa zuwa Ƙofar Mata, inda filin Sani Abacha yake, ranar wasa ba, da wuya ya gane abin da ake nufi. Wasan ƙarfe huɗu ne na yamma, amma tun bayan azahar hanya ta fara cushewa. 'Yan adaidaita sahu suna sauke mutane tun daga nesa saboda babu wurin kutsawa, masu rake da gyaɗa da ruwan leda sun jera a bakin ƙofa, yara sanye da riguna ruwan ɗorawa da kore suna neman babban da zai riƙe hannunsu ya shigar da su. A ciki, mutum zai zauna a kan siminti mai zafi awa biyu kafin alƙali ya busa, ganguna na tashi, wani ya ɗaga murya ya ce "Sai Masu Gida!" dubbai su amsa masa. Wannan a ƙasar da filaye da yawa ake buga wasan Firimiya kujeru wayam, matasa sun tafi gidajen kallo suna musu a kan Arsenal da Real Madrid. A Kano ma ana wannan musun, amma ranar wasan Pillars mutumin da ya kwana yana kare Barcelona shi ne zai zo ya kama layin tikiti.

Shekarun farko ba su zo da sauƙi ba. Ƙungiyar ta yi faɗi-tashi, har ta taɓa sauka rukuni na biyu kafin ta dawo a farkon shekarun 2000. A wannan tsakani ta fitar da 'yan wasa irin su Ahmed Garba Yaro-Yaro, sannan Sani Kaita, wanda ya tafi Sparta Rotterdam ta Holand a 2005 kuma ya ci azurfa da Najeriya a gasar Olamfik ta 2008. Kofin farko ya zo ne a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, kocin da ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003. Kofin 2014 kuma Okey Emordi ne ya kawo shi, shi ma wanda ya ci wa Enyimba kofin Afirka a 2004. Na 2012 da 2013 suna hannun Mohammed Babaganaru. Kafin Pillars, Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne suka taɓa jera kofin gasar sau uku.

Amma idan ana neman ranar da Pillars ta fi kowace rana girma, ba a cikin waɗannan kofuna take ba. A 2009 take, a birnin Alƙahira. Al Ahly ce ke riƙe da kofin zakarun Afirka, ta ci shi sau shida a lokacin, tana da Mohamed Aboutrika da ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci kofin nahiya a 2006 da 2008. An tashi 1-1 a Najeriya, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Pillars, ƙarƙashin Ivo Sajh ɗan ƙasar Sulobeniya, ta je Alƙahira ta yi 2-2, ta fitar da mai riƙe da kofi da dokar ƙwallon waje. A rukuni ta haɗu da manyan ƙungiyoyin Omdurman ta Sudan guda biyu, Al-Hilal da Al-Merreikh, da ZESCO United ta Zambiya, ta kuma ƙare a saman rukunin. A wasan kusa da na ƙarshe ne Heartland ta Owerri, 'yar gida, ta yi mata 4-0 sannan ta ƙara mata 1-0. Har yau wannan rashin nasara tana yi wa magoya baya ciwo, domin ba a sake kusantar wannan matsayi ba.

Dalilin da ya sa ba a sake kusanta ba shi ne abin da nake so a duba da kyau. A 2013 Pillars ta ci AC Léopards ta Kongo Brazabil 4-1 a Kano, ta je can aka ci ta 3-0, aka fitar da ita. A 2014 AS Vita ta ci ta 3-1 a Kinshasa, nasarar 2-1 a Kano ba ta wadatar ba. A 2015 Moghreb Tétouan ta yi mata 4-0 a Maroko, ta dawo gida ta ci 2-1. A 2019 ta ci Asante Kotoko 3-2 a Kano, ta je Kumasi aka ci ta 2-0. Sau huɗu, zane iri ɗaya: a gida a ci, a waje a rushe. Adalci ne a faɗi cewa wasan Tétouan ya zo ne kwanaki kaɗan bayan 'yan fashi sun buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abaji, tana kan hanyar zuwa Owerri a watan Maris na 2015, inda 'yan wasa biyar suka ji rauni, cikinsu har da Gambo Mohammed. Ƙungiyar da ta ga wannan tashin hankali ba a tsammanin ta je Maroko da natsuwa. Amma sauran ukun ba su da wannan uzuri.

A wancan zamani gasar Najeriya gaba ɗaya ta ginu ne a kan cin wasan gida. Ƙungiya takan yi tafiyar kwana guda ko fiye a mota, ta isa a gajiye, ta tarar da fili mara kyau da 'yan kallo masu zafi da alƙalin da ke tunanin yadda zai fita lafiya. Nasarar waje ta yi ƙaranci har an taɓa sauya tsarin bayar da maki domin a ƙarfafa wa masu cin wasa a waje. A irin wannan gasa, wanda ya ci duk wasanninsa na gida ya kuma tsinci canjaras kaɗan a waje, ya kama hanyar kofi. Babu wanda ya kai Pillars iya wannan. Ba ina cewa kofunanta ba na gumi ba ne. Duk wanda ya ga yadda Rabi'u Ali da Gambo Mohammed da Shehu Abdullahi suke murza leda a tsakanin 2012 da 2014 ya san ƙwallo ce ta gaske. Abin da nake cewa shi ne gasar ba ta taɓa tilasta wa ƙungiyar koyon yadda ake tsare ci ɗaya a gaban 'yan kallon wasu ba, kuma gasar Afirka wannan darasin take tambaya tun a zagayen farko. Ƙungiyoyin da ke cin kofin nahiya, irin su Al Ahly da TP Mazembe da Espérance, suna riƙe 'yan wasansu shekaru, suna tafiya da wuri, suna da masu nazarin abokin karawa. Waɗannan abubuwa ne da ke bukatar tsari na shekara biyar ko goma, ba kuɗin da ake jira a sa wa hannu a ofishin gwamnati mako guda kafin tafiya ba.

Tarihin 'yan wasan ƙungiyar ma yana nuna wannan, kuma mutum biyu sun isa misali.

Ahmed Musa ya zo Pillars daga Jos yana matashi ɗan shekara 17. A kakar 2009/2010 ya zura ƙwallo 18, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Kaka guda ya yi ya wuce VVV-Venlo ta Holand, daga nan CSKA Moscow, sai Leicester City a 2016, sai Al-Nassr ta Saudiyya. Ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya zura wa Iceland biyu a ta 2018. Dokar FIFA ta tanadi cewa duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ta san kanta da wannan take rayuwa: ta ɗauki yaro tun yana ƙarami, ta ba shi kwantiragi mai tsawo, ta sayar da shi da daraja, ta riƙa karɓar rabonta duk inda ya je. A gasar Najeriya kuwa an saba da kwantiragin shekara guda, yaro ya haska a kaka ɗaya, kaka ta gaba ya tafi, abin da ya shigo asusun ƙungiya bai taka kara ya karya ba. Junior Lokosa ya ci wa Pillars ƙwallo 19 a 2018, ya fi kowa a gasar, bai jima ba ya koma Espérance ta Tunisiya. Kano gari ne da kowace unguwa ke da filin ƙasa da ƙungiyar matasa, daga Fagge zuwa Gwale zuwa Birget. Da a ce akwai makarantar horar da yara mai ƙarfi da ke tattaro waɗannan yara da sunan Pillars, da kuɗin sayar da 'yan wasa kaɗai ya ɗauke wa gwamnati kaso mai tsoka na nauyin ƙungiyar.

Na biyun shi ne Rabi'u Ali, wanda Kano ke kira Pele. Shi bai tafi Turai ba. Ya zauna, ya ci kofi bayan kofi, ya zura wa ƙungiyar ƙwallo fiye da 100 a gasar, kuma ya haura shekara 40 yana ci gaba da cin ƙwallo da bugun tazara da fenareti. Yana cikin tawagar 'yan wasan gida ta Stephen Keshi da ta zo ta uku a gasar CHAN ta 2014, kuma ya ci ɗaya daga cikin ƙwallayen da Najeriya ta farke a wasan da Maroko ta fara cin 3-0 aka ƙare 4-3. Yana kuma cikin tawagar da ta kai wasan ƙarshe a 2018. Wanda ya kalle shi da kyau zai ga ba gudu yake yi ba. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga ya ga inda kowa yake, taɓawa ɗaya ko biyu ya sallame ta. Irin wannan ɗan wasa kyauta ce daga Allah, kuma ƙaunar da Kano ke yi masa ta cancanta. Amma abin tambaya shi ne me ya sa shekara da shekaru ƙungiya mai wannan girma take jingine da ƙafar mutum ɗaya, ba ta reni wanda zai gaje shi ba.

Akwai kuma Chinedu Udoji, mai tsaron baya, tsohon kyaftin ɗin Enyimba, wanda ya rasu a haɗarin mota a Kano a watan Fabrairun 2018, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wa Pillars wasa da tsohuwar ƙungiyarsa. Yadda mutanen gari suka yi jimaminsa ya nuna wani abu mai kyau game da wannan ƙungiya da ba a cika faɗa ba. A filin Ƙofar Mata ba a tambayar garinku ko addininka. Theophilus Afelokhai ya tsare ragar Pillars shekaru masu yawa, jama'a suka ɗauke shi ɗan gida. A ƙasar da siyasa ke raba mutane kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A shekarar da Udoji ya rasu ne Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, ta fara cin Rangers 3-0, Rangers ta farke duka ukun ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Shekara ta gaba, a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta doke Niger Tornadoes 4-3 a bugun fenareti bayan an tashi babu ci, ƙarƙashin koci Ibrahim Musa, ta ɗauki kofin. Wannan ne babban kofi na ƙarshe da ya shigo Kano.

Sai ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa, amma ɓoye shi cutar da ƙungiyar ne. A watan Yunin 2019, a wasannin fitar da zakara da aka yi a Agege ta Legas, magoya baya sun kutsa fili bayan canjaras da Rangers, aka ci ƙungiyar tarar miliyoyin naira, aka dakatar da Rabi'u Ali wasa 12. A watan Afrilun 2022, bayan doguwar zaman haya a Kaduna, Pillars ta dawo gida ta karɓi Katsina United. Ranar da ya kamata ta zama ta murna sai ta ƙare da tashin wasa da farfasa motar baƙi. Aka ci tara, aka kori ƙungiyar zuwa Abuja. Bayan wata biyu, a wasa da Dakkada, aka sake samun cin zarafin mataimakin alƙalin wasa, kuma a wannan karon daga ɓangaren shugabancin ƙungiyar abin ya fito. Hukuncin cire maki ya sauka a kan ƙungiyar da dama tana fafutukar tsira a ƙasan teburi. A ƙarshen kaka ta faɗa, tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ta dawo a 2023, amma a watan Oktoban 2025 aka sake maimaitawa bayan Shooting Stars ta farke ci ana dab da tashi: aka shiga fili, aka cire maki uku, aka rufe filin Kano.

Masu kare abin suna cewa alƙalai ne ke zalunci, kuma gaskiya ne alƙalanci a gasar Najeriya yana da matsala babba. Amma dutsen da aka jefa bai taɓa dawo da ƙwallon da aka hana ba, sai dai ya kwashe makin da 'yan wasa suka sha wuya suka tara. Masu wannan aika-aika 'yan tsiraru ne a cikin dubban da ke zuwa su kalli wasa su koma gida lafiya. Abin da ya ba su dama shi ne babu wanda ya san su a rubuce. Ba rajistar mambobi, ba tikiti mai suna da lambar kujera, ba hanyar da za a hana mutum guda shiga fili shekara biyar a bar sauran. Don haka laifin mutum hamsin sai ya hau kan gari guda, kuma tarar da aka ci daga kuɗin jama'a za a biya ta. Mai goyon bayan da ba shi da ƙuri'a a zaɓen shugabannin ƙungiya, ba shi da wurin kai kuka, ba ya kuma jin asara a aljihunsa idan an ci tara, hanyar da ta rage masa ta nuna fushi ita ce ihu, wani lokaci kuma abin da ya fi ihu muni.

Shi ya sa nake ganin gyaran Pillars ba a sauya koci yake ba, ko a sayo 'yan wasa goma sha biyar a farkon kowace kaka. Al Ahly da Pillars ta fitar a 2009 ƙungiyar mambobi ce, su ke biyan kuɗin shekara, su ke zaɓen shugaba. Al-Hilal da Al-Merreikh ma a kan mambobi aka kafa su. A nan gida, Remo Stars ta Ikenne, wadda Kunle Soname ya kafa da kuɗinsa, ta gina filinta da makarantar yaranta, ta ci gasar a 2025, a garin da bai kai wasu unguwannin Kano yawan jama'a ba. Kano tana da abin da Ikenne ba za ta taɓa saya da kuɗi ba, wato mutanen da za su cika fili ko ƙungiya tana ta goma a teburi, da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau waɗanda tallar hajarsu a rigar Pillars za ta kai ta duk inda ake jin Hausa. Ba sai gwamnati ta saki ƙungiyar rana ɗaya ba, yin hakan ma zai iya kashe ta, kamar yadda ƙungiyoyin kamfanoni da na attajirai irin su Leventis United da Abiola Babes suka mutu da masu su suka janye hannu. Abin da ake bukata shi ne ta riƙe wani kaso, ta sayar da wani ga 'yan kasuwa, ta buɗe rajista ga magoya baya su sami kujera a hukumar gudanarwa, a kuma riƙa buga lissafin shiga da fita kowace shekara kowa ya gani.

Ahmed Musa ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, Shehu Abdullahi ma ya dawo, kuma a 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa Musa babban manajan ƙungiyar. Mutum ne da ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Holand da Rasha da Ingila, yana da sunan da zai buɗe ƙofofin da wani ba zai iya buɗewa ba, kuma ƙaunarsa ga Kano a bayyane take. Sai dai shi ma naɗa shi aka yi, da irin takardar da aka naɗa waɗanda suka gabace shi. Aikin da za a auna shi da shi shi ne ko zai iya shawo kan masu mulki su amince da rajistar mambobi, da kwantiragi mai tsawo ga matasan 'yan wasa, da tikitin da ke ɗauke da sunan mai shi, kafin zaɓe na gaba ya zo da wasu sabbin naɗe-naɗe.